Akwatin da Ba Ya Ƙara

Shekarun baya, lokacin da ciwon baya ya hana ni ɗaukar bulo, abokina ya samo mini aiki a wani shagon intanet a nan Tamanrasset. Ya faɗa wa mai shagon, wani dattijo mutumin Agadas, wai ni gwanin inji ne. Bai yi ƙarya ba, sai dai injin da na sani na ban ruwa ne, a lambunan Outoul. Dattijon ya ce zai gwada ni mako guda. In ban iya ba, sai komawa gini, ni da ko ruku'u da ƙyar nake yi.

A lambu da kunne ake aiki. Inji in yana ruri lafiyarsa ƙalau, in ya yi shiru sai ka ruga. Tsohon akwatin da ke raba wa kwamfutocin shagon intanet kuwa, fankarsa ƙara take kamar injin niƙa, don haka muka saba da wuri.

Rana ta uku aka kawo sabo, ɗan ƙarami. Maigida ya haɗa shi, ya tafi kasuwa. Na kasa kunne, shiru. Na kara kunnena a jikinsa, tsit. Na ce shi ke nan, a hannuna ya mutu. Na zare wayar wuta na mayar. Fitilu suka kama, amma ba ƙara. Na yi ta zarewa ina mayarwa.

Wani magini da ke hira ta kwamfuta da matarsa da ke Maraɗi ya ɗago kai. "Malam, mi ya samu intanet ɗin ga? Sau huɗu ke nan yana yankewa!"

"Gyara nake," na ce, har da ɗaure fuska irin ta ƙwararru.

Ina zarewa ta bakwai maigida ya shigo.

"Kai, mi kake yi?"

"Baba, ya mutu ne. Ba ya ƙara."

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya mayar da wayar, ya kama hannuna ya ɗora a kai. Na ji ɗumi.

"Ƙwaƙwalwa huɗu ke cikinshi, cikin ɗan guntu guda, kowace na nata aiki. Bai zafi sosai, shi ya sa babu fanka. Kai ke kashe shi tun safe."

Wallahi kunya ta kama ni. Na fara laluben takalmina.

"Ina za ka? Wanda ya damu da inji haka ba a korar shi. Gobe in buɗe tsohon in gwada maka cikinshi."

Yau ni ke haɗa irin waɗannan akwatuna a ofisoshi, har garin In Amguel ake kira na. Abin da ya zauna mini a rai ba darasin injin ba ne, dariyar nan ce da ba ta da wulaƙanci. Shi ya sa in baƙo ya yi mini wauta a wurin aiki, kafin in buɗe baki da faɗa nakan tambaye shi, "Da can wane aiki kake yi?"