Ranar da kasuwarmu ta koma bakin fanfo

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da asusun komin, wato ƙaramar hukuma, akwai ranar da ta ƙi fita raina: ranar kasuwar da na tsaya a ƙofar kara, wato kasuwar bisashe, da damin tiken haraji a hannu, ban yanka ko ɗaya ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku ajiye wayoyin nan ku ji yadda aka yi.

Lokacin ina risiba a wata komin ta makiyaya, tsakanin Tanut da Belbeji. Risiba shi ne mai karɓar kuɗin komin, shi ne kuma mai biya. Magajin gari ke ba da umarni, amma hannuna ne ke fitar da kuɗi, kuma in dala ɗaya ta fita ba bisa ƙa'ida ba, ni za a nema. Ɗan gidan da na gina a Damagaram ma yana iya tafiya a ciki.

Ƙa'idar kuwa ga ta. Ƙasashen da muke kashe kuɗi ɗaya da su, wato sefa, sun yarda cewa duk kuɗin hukuma ya taru a asusu guda na baitulmali, wanda muke kira tirezo. Abin da na karɓa a kasuwar bisashe, da abin da makiyaya suka biya na ruwan fanfo, sai na kai Tanut na zuba. In komin na son sayen ko da ƙusa ce, sai an rubuta manda, wato takardar biya, ta bi hannu-hannu, sannan kuɗi ya dawo. Ban taɓa zagin tsarin nan ba. Na ga zamanin da kowane kwamiti ke da akwatinsa, na kuma ga yadda akwatunan suka riƙa komawa babura.

Sai aka shiga shekarar takunkumi. Babban bankin da ke buga mana kuɗi ba namu ne mu kaɗai ba, ya rufe mana ƙofa. Ko bayan an ɗage takunkumin, tsabar kuɗi ba ta dawo nan da nan ba. Ɗan abin da aka samu, albashi da tsaro ke fara ci, mu 'yan komin muna can ƙarshen layi.

A tsakiyar bazarar nan injin da ke cikin rijiyar fanfonmu ya ƙone. Kun san Damargu a wannan lokaci: tafkuna sun bushe, rijiyoyin hannu sun yi zurfin da sai raƙumi ya ja guga, kuma kowace akwai masu ita. Duk garken da ke yankin a fanfon nan yake sha.

Magajin gari ya shigo ofishina ko zama bai yi ba.

"Risiba, kuɗin kasuwar jiya suna akwatinka. Ɗauko a sayo inji, in manda ya fito ka mayar."

"Ranka ya daɗe, in na taɓa su, kai jaje za ka yi mini, gidan kaso kuwa ni zan shiga."

Ya ce ni mutum ne marar imani. Wallahi maganar ta ci ni, don na buɗe akwatin nan na rufe ya fi a ƙirga. A ƙarshe na sa ya sa hannu a manda, na ɗauki kuɗin da takardar na hau babur sai Tanut.

Shugabata a can mace ce mai kirki, ba ta da ƙumbiya-ƙumbiya. Ta duba takardar ta ce ta cika, ba abin da ya rage sai kuɗi.

"Shef, ai ga kuɗi nan yanzu na zuba miki."

"Tun da suka taɓa teburin nan suka daina zama naka. Malaman makaranta na jiran albashi, su ma 'ya'yansu na cin abinci. Ka yi haƙuri, in an aiko zan kira ka."

Ban iya haƙurin ba. Na shiga mota zuwa Damagaram wurin mai sayar da injina, na nuna masa manda da hatiminsa, na ce ya ba mu kaya, gwamnati ba ta gudu. Ya yi dariya ya ce takardu irin wannan sun cika masa durowa, kuma wanda yake sarowa wurinsa ba ya karɓar hatimi. Na dawo Tanut, na sake komawa Damagaram wurin wani. Na kira duk wanda muka yi makaranta tare da ke da kujera a Yamai. Kowa ya ce Allah ya kyauta.

Da na koma gida ban tsaya ofis ba, na zarce fanfo. Da na sani ban je ba. Shanu sun kewaye wurin shan ruwa suna lasar siminti, kukansu har ya dushe. Masu ƙarfi an kora su neman rijiya, waɗanda suka kwanta an bar su da mahauta, suna saye da kuɗin akuya.

Nan Ardo Buba, shugaban Fulanin da ke sha a wurin, ya kira ni gefe. Dattijo ne da bai iya ɗaga murya ba.

"Malam, kuɗin ruwan da muke biya, ina suke?"

"Suna tirezo, Ardo."

"Namu ne?"

"Naku ne."

"To a ba mu."

Na yi masa bayanin asusu guda, da babban banki, da ƙasashen da muke tarayya da su. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji. Wanda ya shiga hannunka ba ya fita. Wanda bai shiga ba fa?"

Na ce wannan ba ruwana da shi. Gaskiya na faɗa masa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce madalla, ya juya.

Ranar kasuwa na fito da masu yankan tike tun da safe. Hantsi ya yi, ba tunkiya ko ɗaya. Na zauna, na tashi, na leƙa hanya, na dawo. Motocin fatake na gani suna wuce mu ba sa tsayawa. Da azahar na kasa daurewa na bi sawunsu.

Kasuwa tana ci a bakin fanfo. Fulani, Buzaye, dillalan gari da kullum muke gaisawa, kowa yana nan. An shimfiɗa bargo gaban Ardo, duk bisar da aka sayar, mai saye da mai sayarwa su jefa abin da da za su biya na tike. Mutanen da a ƙofar kara sai mun yi kamar mu kai ruwa rana kafin su ciro dala, na gan su suna jefa ninki. Wani dillali ya hango ni ya ce, "Risiba, raƙumi za ka saya ko kallo ka zo?"

Masu tike da suka biyo ni suka tambaye ni ko su fara yanka. Na ce a'a, doka ta ce a kara ake karɓa, nan kuwa daji ne. Na tsaya ina jin haushi, ina jin kunya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗi.

Kafin wata kasuwar an sayo inji, ruwa ya dawo. A rahotona na rubuta cewa ba a ci kasuwa ba, Shef ta karanta ta dube ni, ta ajiye takardar. Daga baya jama'a sun komo kara, amma ba duka ba. Dillalai sun gane hanyar fanfo, kuma abin da ke shiga asusun komin bai sake kai na da ba har na bar garin.

Manda ya fito bayan damina ta sauka, ko'ina ruwa kwance. Na je da kaina na sami Ardo na gaya masa kuɗin gyara sun iso. Ya dubi garkensa, wanda ya koma kamar rabi, ya ce, "Mun gode, Malam. Ka gaya wa waɗanda suka rage."

Ko yau aka maimaita, ba zan taɓa akwatin nan ba, ku ma kada ku taɓa. Amma ku daina cewa mutanen daji ba sa son biyan haraji, don na ga hannunsu a kan bargo. Duk tiken da kuka yanka wa makiyayi, alkawari kuka ɗaukar masa cewa ranar da ya nema zai samu. Mu mun cika namu alkawarin, sai dai lokacin shanun sun riga sun mutu.