Goggo Zulfa, Mai Yankan da Aka Jingina wa Mamaci

Da hantsi, Goggo Zulfa takan shimfiɗa tabarma a ɗakin da ke manne da bayan shagon Ɗinkin Jibril, ta wanke hannu, ta ɗauko almakashi. A bangon akwai 'yar taga wadda faɗinta bai wuce faifai ba. Ta nan ake miƙo mata yadi tare da tsohuwar rigar mai kayan, ta nan kuma yankakken yadi yake komawa wurin teloli shida da ke kan kekuna. Ba ta taɓa ɗora ma'auni a jikin namiji ba. Tsohuwar rigar take shafawa, ta ji inda kafaɗa ta goge da inda wuya ya saki, sannan ta yanka. Yau shekara talatin ke nan, kuma a watan nan za ta ajiye almakashi saboda ido ya yi rauni.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, samari da yawa a Daura sun ajiye ƙananan kaya suna neman na mutunci. Sai dai shaddar manya ta fi ƙarfinmu, mu malaman makaranta da direbobi, 'yan kantin kuwa wanki biyu suke sakin launi. A lokacin ne shagon mijinta, Malam Jibril, ya fito da samfuri tara. Akwai kaftani mai tsaga a gefe don mai hawa babur, akwai jamfa mai ɓoyayyen aljihu don fataken Kongolam ta bakin iyaka, da 'yar shara ta saƙin ƙauyukan Dutsi, rinin marina. Malam Jibril ya sa kafinta ya cire kawunan mutum-mutumin katako uku don gudun magana, ya jera su a ƙofa sanye da kayan. Kowa ya yaba basirarsa. Babu wanda ya san a kan takardar buhun siminti aka zana samfuran, a bayan bango.

Bayan shekara biyar Allah ya yi wa Malam Jibril rasuwa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ran kwana na takwas ƙanensa Harisu ya buɗe shago, kuma ɗinki ya ci gaba da fitowa da yankan marigayi sak, har ɗan karkacen nan na wuyan riga da babu telan da ya iya shi. Da azahar, idan kekuna suka tsaya, masu wucewa sukan ji almakashi yana ci a bayan bango, ƙyas, ƙyas, a ɗakin da kowa ya san nan marigayi yake shiga. In an tambayi Harisu wa ke yanka, sai ya sunkuyar da kai. Mata suka daina bin layin. Mutum-mutumin nan marasa kai, da a da ake yi wa dariya, aka koma kauce musu.

Ni kaina na tsorata. Wata Juma'a a masallaci, a sahun gabana, na ga bayan Malam Jibril: shuɗin kaftaninsa, da kafaɗarsa ta hagu da ta ɗan sauka. Na kasa sanin raka'a ta nawa muke. Da aka sallame mutumin ya waiwayo, sai na ga wani dattijon makiyayi ne da ban sani ba. Ya ce sabuwar riga ce, sadaka aka miƙo masa daga gidan marigayin. Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Wa ya yanka sabuwar riga da awon mutumin da muka binne?

Mutane suka fara maido da kaya. Wani direba, Zailani, ya ƙone nasa, ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa ana aiki da aljanu. Telolin nan shida, duk magidanta, suka ga abincinsu yana shirin tsayawa. Wata rana bayan la'asar mai unguwa ya zo da limaminmu, Malam Ikrima, muka biyo su. Muna shiga muka ji almakashin.

Liman ya matsa kusa da tagar, ya yi sallama, ya ce, "Wane ne a ciki?"

Almakashin ya tsaya. Can wata murya ta amsa a hankali, "Ni ce, Malam. Zulfa ce. Ina takaba, shi ya sa ban fito ba."

"Ke kike yankan nan?"

"Tun ranar da aka buɗe shagon. Marigayi ɗinki ya iya, da iya zama da jama'a. Ni na roƙi Harisu ya yi shiru, don ina tsoron maza su ji mace ce su gudu. Rigar da na bayar kuwa, hannuna ne ya saba da awonsa. Sai da na gama na tuna babu mai sa ta."

Zailani ya ce bai yarda ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya tura ta tagar. Muka ga rigar ta shige. Sannan ta ce, "Mai wannan rigar ya taɓa karaya a hannun dama, ɗorin bai zauna daidai ba. Kuma ya rame kwanan nan. Don Allah ya je a duba shi."

Zailani ya nemi benci ya zauna. Yana ɗan shekara bakwai ya karye, a wani gari daban. Da ya je asibiti daga baya, aka sami ciwon suga. Malam Ikrima ya dube mu ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wannan sana'a ce." Washegari ya aiko da yadinsa.

Goggo, ke ce kika suturta rabin malaman garin nan ba tare da kin ga fuskar ɗayanmu ba. Gwanar bayan bango, ke ce kika sa masaƙan da suka kusa jingine masaƙa suka koma bakin aiki. An yaba wa wani aikinki kin yi murna, an kira ki aljana ba ki yi fushi ba.

Makon jiya na je gaishe ta, na tambaye ta ko ba ta jin tsoron ɗakin. Ta ce, "Wani lokaci in na ajiye almakashi nakan ji kamar an yi gyaran murya ta tagar, irin nasa. Sai in yi masa addu'a in ci gaba." Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Mun gode, Goggo. Allah ya saka miki da suturar da ba ta tsufa. Ku kuma masu sana'a, ku dubi wannan baiwar Allah ku gyara aikinku ko ba a san da ku ba. Masu 'ya'ya mata da ke son wannan fanni, ga saƙon da ta ba ni ina sa takalmi: "Malam, ka ce su turo su da wuri. Ido ya tafi, amma hannun yana ji tukuna."