Balkisa Ta Je Gaisuwa Lyon

Kwana ashirin da shida suka rage wa takardar zaman Balkisa a Faransa, kuma da hannuna a cikin abin da ya same ta, shi ya sa na kasa yin shiru. Sunana Hamdiya, 'yar unguwarsu ce ni a Damagaram, Yaya take ce mini, kuma ɗaki ɗaya muke a Montreuil, gefen Paris. Shekara goma sha biyu ina aiki a gidan kula da tsofaffi, don haka ba ni da bakin cewa ban san ƙasar nan ba.

Mahaifiyarta, Hajiya Fatsima, ita ke yi wa mata wankan gawa a unguwarmu. A gidansu ba a jin labarin mutuwa a ƙarasa cin abinci, sai a ajiye kwano a ɗauki mayafi. A nan Balkisa ta tashi. Ta yi jami'a a Yamai, ta zo Lyon ta karanta harkar yawon buɗe ido, tana zaune a Vaulx-en-Velin da ke gefen birnin, tana gyaran gadaje a otal Asabar da Lahadi. Da ta gama aka ba ta takardar shekara ɗaya ta neman aiki, wadda ba a sabuntawa. Ko dai ta samu aiki na dindindin kafin wa'adin ya cika, ko ta tattara kayanta. Wata takwas tana neman aiki ruwa a jallo, har ta rame, kafin wani kamfanin shirya tafiye-tafiye na masu hannu da shuni a Paris ya ɗauke ta gwajin wata uku.

Abin da take sayarwa sai ka ji da kunnenka. Tanti ne a tsakiyar dajin Serengeti na Tanzaniya, da gado da bahon wanka da mai dafa abinci. Da sassafe a ɗaga ka sama cikin balan-balan ka kalli giwaye da jakunan dawa, daga nan a wuce da kai Zanzibar, ɗakinka a bakin teku. Turawa na ganin baƙar fatarta sai su saki jiki, a zatonsu da zakuna ta yi wasan ƙasa. Ni kuwa na san raƙumin dawa ɗaya ta taɓa gani, shi ma a gidan namun daji na Lyon, ta bayan waya. Ina tsokanarta da haka, tana dariya. Amma ta iya aikinta. Ta san watan da dabbobi ke ƙetare kogi, ta san tantin da ba shi da matakala.

Maganar matakalar nan ce ta haɗa ta da Mushe François, wato Malam François, wani tsoho ɗan Lyon mai ciwon gwiwa. Shi da matarsa Madam Cécile za su cika shekara hamsin da aure, yana so ya nuna mata giwa. Kusan kullum sai ya buga waya da sabuwar tambaya, yana ce mata "ma fille", wato 'yata. Saura sati uku tafiya, Madam Cécile ta kira ta ce a soke. Mijinta ya rasu, zuciyarsa ta tsaya yana ɗaure igiyar takalmi.

Kamfanin yana da rubutacciyar wasiƙa ta irin wannan rana: layi biyu na jaje, sai a turo takardar shaidar mutuwa saboda inshora. Balkisa ta aika, ta dawo gida ta kasa cin abinci.

"Yaya Hamdiya, mutumin nan 'yata yake ce mini, ni kuma takarda na tambayi matarsa," in ji ta. "In Inna ta ji wannan, da wane ido zan kalle ta?"

Na ce, "To ki je ki yi mata gaisuwa mana, Lyon ai ba baƙon wuri ba ne gare ki."

Ni na faɗi haka, da bakina. Ni kuma na dafa mata dambu da zogale na zuba a kula. Adireshin kuwa yana nan cikin dosiyen tsohon, wato fayil ɗinsa, a na'urar ofis, ta kwafe a bayan tikiti. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba cewa a nan ɗaukar adireshin mai sayayya laifi ne. A wurinmu wanda ya san gidan mutuwa ya ƙi zuwa shi ne mai laifi.

Ran Asabar ta hau jirgin ƙasa. Madam Cécile ta buɗe ƙofa tana kallonta baki buɗe, sai da ta ji muryar ta gane ta. Balkisa ta cire takalmi, ta zauna a kan darduma kusa da ƙafar tsohuwar, ta rasa addu'ar da za ta yi wa wanda ba Musulmi ba, sai ta ce Allah ya ba da haƙuri. Awa uku suna zaune. Ta wanke kwanukan da suka taru tun ranar jana'iza, ta sa tsohuwar ta ci dambu cokali biyar. Takalman da aka saya domin daji suna nan a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya igiyarta a kwance.

Saura sati ɗaya gwajinta ya cika, shugabar ofis, Madam Sofia, ta kira ta. A gabanta akwai wasiƙa shafi biyu da rubutun hannu. Madam Cécile ce ta rubuto tana godiya. Ta ce tun da aka binne mijinta ba wanda ya zauna da ita sai ma'aikaciyarsu, kada su kuskura su rabu da yarinyar nan.

Madam Sofia ta ce wasiƙar ta sa ta hawaye. Sannan ta tambaya, "A ina kika samu adireshin?"

Balkisa ta faɗi gaskiya. Madam Sofia ta ce mutanensu manya ne, masu barin gidajensu ba kowa har sati biyu, kuma sirrin adireshinsu da ranar tafiyarsu shi ne jarin kamfanin. Wasiƙar ta riga ta bi ta hannun masu kamfani, ba yadda za ta yi, an sallami Balkisa daga aiki. A lokacin gwaji ma ba sai an ba da dalili ba.

Balkisa ta roƙe ta. Ta ce mata takardarta na gab da mutuwa, ta ce ƙannenta uku na lakwal, da albashin nan suke karatu. Da ta ga ba fuska, sai ta ce, "S'il vous plaît, Madam, don Allah ko kwafin wasiƙar ki ba ni, in sa a dosiyena na neman wani aikin."

Madam Sofia ta ce ba zai yiwu ba, akwai suna da adireshin mai sayayya a jiki.

Wallahi da ta gaya mini haka, sai da na tashi na fita baranda don kada in yi ashar. Haushin kamfanin nake ji, amma na kaina ya fi. Ni da nake wanke tsofaffin ƙasar nan, na san 'ya'yansu ma sai sun buga waya kafin su zo.

Yanzu tun asuba take zama gaban na'ura tana aika takardun neman aiki. Ta nemi na otal, ta nemi na filin jirgi, har otal ɗin da ta yi wa gyaran gado a Lyon ta kira. Kowa sai ya tambayi ranar da takardarta za ta ƙare, daga nan ya ce za a kira ta. Hajiya Fatsima ba ta sani ba tukuna, har yanzu tana gaya wa maƙwabta 'yarta ce ke kai Turawa kallon giwa.

Jiya na kasa daurewa, na ce, "Balkisa, ki yafe mini. Da kin san haka za ta kasance, ai da ba ki je ba."

Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu, kamar na yi saɓo.

"Yaya, mutum ne fa ya mutu," in ji ta.

Sai ta juya ga kalandar da ke bango, ta soke ranar jiya da biro.