Ɗigo Uku a Gindin Kwano

Jikokina, kafin a kira ni tsohuwar 'yar kaso, manomiyar tattasai ce ni a Chetimari. Ga lambuna a bakin kogin Komadugu, ga sallata a kan lokaci, ko wajen mai unguwa ba a taɓa kai ƙarata ba. Sai fitina ta sauko kwarin, aka hana fita da tattasai, ina ji ina gani nawa yana baƙi a buhu.

A wannan hali Bukar, ɗan ƙanena, ya shigo da tiya biyu ta shinkafa. Ya ce, "Gwaggo, ki riƙa ƙara hannu a tukunya, muna da baƙo a bukkar lambu." Na ce wane irin baƙo ne ba ya shigowa gida? Ya ce, "Ke dai dafa." Na dafa. Washegari ga sukari, wata rana ga mai. Bakina ya rufu.

Rana ta huɗu ni na kai abincin da kaina. Na tarar da dattijo, Malam Kyari, mai sayen tattasai daga Gagamari, an ɗaure ƙafarsa da igiya tamau. Na ja mayafi na rufe fuska. Ya ce, "Baiwar Allah, ki aika wa iyalina cewa ina da rai. Ƙafar nan ta fara wari." Na ajiye kwano na juya. Na ce wa zuciyata ai ciyar da shi nake, har lada zan samu. Kwana goma sha tara ina yi wa kaina wannan ƙarya.

Kun san al'adarmu, kowace mace tana sa wa kwanonta shaida don kada ya ɓace a gidan biki. Tawa ɗigo uku ce ta shuɗin fenti a gindi. Da iyalinsa suka sayar da gonarsu suka biya kuɗin fansa aka sake shi, ya faɗa wa jandarmomi bai ga fuska ba, amma ya ga ɗigo uku. Ba matar da ba ta san shaidar ba a unguwarmu. Bukar ya tsallake kogi, ni aka ɗauka.

Gaban alƙali na ce, "Ranka ya daɗe, ban kama ba, ban ɗaure ba, girki kawai na yi." Ya ce, "Iya, a dokar ƙasa, wanda ya kama mutum don a fanshe shi, da wanda ya sani ya taimaka aka tsare shi, duk hukunci na hawa kansu." Malam Kyari na zaune a gefe, da ƙafa ɗaya.

Damina biyar ta wuce ni a gidan kaso. Da na fito, Gagamari na fara zuwa, na durƙusa gaban Malam Kyari ina neman gafara. Ya ce, "Abincinki ya raya ni, shirunki ya yanke ni. Ki ba ni lokaci."

Har yau ina jira, ina tuba. Ku yara, in aka ce ku dafa, ku tambayi mai ci. In kuka ga igiya a ƙafar mutum, ku tafi ku faɗa a ranar, ko da ɗan ƙanenku ne ya ɗaura.