Saniyar da Dakta Hamman Ya Gode Wa

Marigayi Dakta Hamman ya cuce ni, kuma mutuwarsa ba za ta hana ni faɗa ba. Shekara uku yana tatsar kaina a kan shanu, ya haɗa littafi, ya gode wa saniya, ni ko sunana bai sa ba.

Ku da kuka yi zamani da shi a kwaleji kun san shi: baƙar rigar digiri har ƙasa, cikin zafin Jalingo, ko da tumatir zai saya. Maganarsa ɗaya ce, "Ina hujjarka?" Na taɓa ce masa, "Dakta, ruwa fa ake yi." Yana jiƙe sharkaf ya ce, "Wa ya rubuta?"

Lokacin dogon yajin aikin malamai kowa ya kama gona. Shi kuwa kullum sai ya shiga aji, ya karantar da kujeru awa biyu cur, ya kira suna. Ni masinja ne, ina leƙe ta taga.

"Buba, ka shaida, yau ma ba su zo ba."

"Ai an rufe makarantar, Dakta."

"Ni an rufe ni ne?"

A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, amma a rugar Sunkani na tashi. Da ya ji haka sai ya maƙale mini. Duk Asabar mu hau tsohon babur ɗinsa Besfa mu nufi rugar, a gangara ya kashe inji, a hawa in sauka in tura. Masanin shanu fa! Amma saniya na yin atishawa sai ka gan shi a kan suri, riga a tattare.

"Me ya sa take kallona?"

"Rigar ce, Dakta."

Wallahi sai da ya rubuta.

Littafi ya fito da Turanci. Ya buɗe shafin godiya ya dangwala yatsa: "Ga ka nan." Ni kuma Turancina iyakarsa bayan ambulan ɗin wasiƙa. Na yanke shafin, na sa a gilashi, na rataye a zaurena a unguwar Turaki. 'Yan majalisarmu ta hira suka fara kirana Farfesa, ni wawa ina amsawa har da gyaran murya. Shekara biyu!

Ranar da surukaina suka zo daga Lau na kira 'yata Hajara ta fassara musu. Ta karanto godiya ga uwargidansa, ga mai buga tafireta, ga farar saniyarmu Raneye saboda haƙurinta. Sai ta tsaya.

"Ci gaba mana!"

"Baba… da wani masinja da ya riƙe mata igiya."

Surukina ya ce, "To, Allah ya sa wa igiya albarka."

Na ciro gilashin na nufi gidansa. Na tarar da shi kwance, ya rame, rigar na rataye a ƙusa. Na ce ya ci amanata.

Da ƙyar ya ɗago. "Ina hujjarka?"

Na ɗora masa a ƙirji. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, "A bugu na biyu zan gyara."

Ni da shi mun san babu bugu na biyu. Na gyara masa filo na ce, "Bar shi, Dakta. Kai na yafe maka. Saniyar ce ban yafe wa ba."

Ya yi dariya har da tari. Kwana tara ya ƙara.

Allah ya jiƙan Dakta, ya ba shi nasa littafin a hannun dama, da sunansa cikakke a ciki.