Mun Je Kano Ɗauko Mai Kwaɓinmu

Mun tashi da asuba daga Matameye, ni da Baba da yayana, za mu Kano ɗauko mutum. Ilu ne, mai kwaɓin gidan burodinmu, wanda ya tafi cin rani, damina ta zo ta wuce bai dawo ba. Tun tafiyarsa burodinmu ya zama makami. Wani mai shayi ya rantse da shi ya kashe ɓera. Masu shayin tasha sun fara komawa wani wuri, kuma in suka tafi duka, sai a rufe gidan.

Motar ta ɗauki mutane da buhunan gero da wata akuya da ta mai da gwiwata matashin kai. A Dan Barto, bakin iyaka, 'yan duwan masu binciken kaya suka buɗe kwalin da Baba ya rungumo, ɗayansu ya ƙwanƙwasa burodin ciki, ya mayar da ladabi. Daga Daura zuwa Kazaure hanya sumul. Ƙosai ne dai ya ƙara tsada, ya kuma rame.

Mun sami Ilu a wani ƙaton gidan burodi, gaban injin kwaɓi da ya fi ɗakinmu girma. Har tumbi ya yi. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya miƙa masa burodi. Dabararsa ke nan tun daga gida: Ilu ya gani, tausayi ya kama shi.

Da ƙyar Ilu ya ɓara shi. "Alhaji, wa ya kwaɓa wannan?"

"Kowa ma."

"Sau nawa na ce a ba ni yaro in koya masa, ka ce in ya iya zai gudu?"

"To, kai ba ga shi ka gudu ba?"

Mai gidan ya sa baki, ya ce shi ma Legas da Saudiyya sun kwashe masa gwanaye, in za a tafi da Ilu sai a haɗa har da shi mai gidan da injin. Ilu dai bai biyo mu ba. Baba ya yi tagumi har la'asar, sannan ya bar yayana a hannun Ilu ya koyi kwaɓi kafin azumi.

Mun shigo Matameye da ragin mutum maimakon ƙari. Abin da na gano shi ne, sana'ar da mutum ɗaya kaɗai ya iya, ranar da ya shiga mota tare suke tafiya. Inna ta tare Baba a zaure ta ce, "Alhaji, ka tabbata ɗana zai dawo?"

Ni Baba ya nuna da baki. "In ya dawo, wannan zai fara koya wa, tun kafin ya ajiye jaka."