Dilon Saje Ummaru

Saje Ummaru ya dawo daga yaƙin Laberiya da ɗingishi da kuma ilimi guda: yadda mutum zai kwana a daji bai mutu da yunwa ba. Abokansa da yawa ba harsashi ya kashe su ba, ciki ne. Shi kuwa ganye da saiwa suka maido shi gida.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, wani gidan talabijin a Birnin Kebbi ya ɗauke shi. Ka gan shi cikin tsohon kakinsa a fadamar Zauro, yana tonon bado, yana tsinkar tafasa da yaɗiya, yana yi wa masu kallo tsawa kamar kurata. Mutane suna dariya, suna kiransa Sajen Ciyawa. Ko a jikinsa.

Shekarar da ruwan Rima ya shanye shinkafa tun daga Augie har Gulma, dariya ta ƙare. Ummaru ya yi shiri a kan dilo, 'ya'yan anza. Ya nuna yadda ake tsinka da ɓarewa. Sai a ƙarshe ya yi gargaɗin: a jiƙa shi kwana da kwanaki, ana sauya ruwa, har ɗacin ya fita, in ba haka ba guba ne.

Ƙanwarsa Laure, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarta Zakiyya, ta kalli shirin a gidan maƙwabta a Argungu. Ana cikin ɓarewa aka ɗauke wuta.

Kaico! Kowace tsohuwa a unguwar ta san jiƙon dilo. Amma wa zai tambaya? A garin shinkafa, cin dilo tonon asiri ne, a ɓoye ake yi. Laure ta rufe ƙofa ta dafa, ta ba yarinyar, ita ta haƙura da yunwarta.

Ummaru ya iso an riga an dawo daga binne Zakiyya a maƙabarta.

“Laure, mi ya hana ki aiko mini?”

“Yaya, kunya ni ji. Kuma kai na gani da idona kana nunawa.”

Bai yi kuka ba, kuma ya fi kyau da ya yi. Baƙin cikin ya zauna masa.

Daga ranar, ko shirin zogale ne, tun kafin ya gai da masu kallo sai ya ajiye kwano gaban kyamara ya ce, “Dilo jiƙa shi akai.” Ya maimaita a tsakiya, ya maimaita a ƙarshe. Masu kallo suka gaji, manya suka ce soja ya taɓu, aka soke shirin.

Ya koma Argungu wurin Laure, yana gadin wani shago. Har ya tsufa, duk sanda aka ɗauke wuta sai ya miƙe, ya ja ƙafarsa gida gida yana buga ƙyaure, yana tambaya ko akwai mai dilo a tukunya.